Ƙugiyar da Na Manta a Wasiƙar Ado

Birnin Kudu,
Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga ɗana Kabiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, a kujerar da ke kusa da taga, ba a tsakanin buhunan albasa ba. Allah ya kai ku Ilori lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da direba mai gyangyaɗi, ya sa ka gama bautar ƙasarka ka dawo mana da ƙafafunka. Na ce wa Innarka ta cusa wasiƙar a jakarka tsakanin ƙullin kuka da na daddawa, don na san nan za ka fara laluba. Idan ka ji tana wari, ka yi haƙuri, maganar ciki ba ta lalace ba.

Za ka ce gida ɗaya muke kwana, me ya kawo wasiƙa? To ka san ni. In na zaunar da kai a zaure, sunkuyar da kai za ka yi kana "to Baba, to Baba," ni kuma in rasa ta inda zan fara, in ɓige da tambayarka ko ka ɗauki bargo. Hannuna ya fi bakina iya magana, tun ina saurayi haka nake.

Shekara uku ke nan ko fiye da na fara jin wata jita-jita. A tashar Gwaram ne, muna jiran mota ta cika, Isa direba ya jingina da ƙofa yana sakace ya ce, "Malam, ka ji sabuwar sana'a? Wai yanzu mutum zai zauna a ɗakin uwarsa ya yi rubutu a waya, ya tura wa wani shafi a intanet, mutanen da bai taɓa gani ba su biya shi."

Na ce, "Isa, masu biyan nan mutane ne ko aljanu?"

Ya ce, "Wallahi mutane ne, Malam. Ɗan ƙanwata a Kano da shi yake zuba wa babur ɗinsa mai."

Na ce, "Kai ne fa ka taɓa rantse mini ka wuce jirgin ƙasa da wannan akwalar taka."

Duk motar aka yi dariya, ni ma na ji daɗin kaina. Daga baya na sake jin maganar a bakin wani malamin sakandare, na sake jin ta a wurin ɗaurin aure a Yalwan Damai, kowane lokaci ina da abin da zan mayar. Na ƙarshe da ya faɗa mini kuwa, makon jiya ne, kuma shi ne ya rufe mini baki. Zan gaya maka ko wane ne, amma ka bar ni in bi hanyata. Tafiyarka doguwa ce, ba ka da abin yi sai karatu.

Kuskurena na farko shi ne na baya-bayan nan. Ranar da Isa ya ba ni labarin, na kawo shi gida a matsayin abin dariya. Muna cin tuwo na ce rubutun da babu takarda, babu ambulan, babu kan sarki, ba rubutu ba ne, lalaci ne mai cin caji. Na ga ka yi 'yar dariya, ka zura wayarka a aljihu. A lokacin na ɗauka ladabi ne. Ashe ka riga ka fara, ni kuma da bakina na koya maka ɓoyewa. Shekara uku kana rubutu a gidan marubuci, ba ka taɓa kawo mini layi ɗaya na duba ba. Laifina ne. Idan Allah ya ba ka 'ya'ya, kada ka yi wa abin da ba ka sani ba dariya a gabansu, don ba ka san wanne daga cikinsu ke riƙe da shi a aljihu ba.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, sana'ar da na yi wa dariya tawa ce. Ka taso ka tarar ana kirana Malam Habu Mai Tafireta, amma ba ka ga zamanin ba. Ina koyarwa a firamaren Wurno lokacin, albashi ba ya kai mu ƙarshen wata, sai na sayo tsohuwar tafireta a Kano. In an tashi makaranta na kafa tebur a gindin darbejiya kusa da gidan waya, ranar kasuwar Gwaram kuma na ɗaura ta a bayan keke, daga baya a bayan babur. Mutum zai zo ya tsuguna ya faɗi abin da ke ransa, ni in buga, ya biya ya tafi. Wanda zai karanta ban san shi ba, ba zan taɓa ganinsa ba. Ka gaya mini, me ya raba wannan da naka, ban da ni ina shan rana?

Tafiretar nan Bature ya ƙera ta don harshensa. Ba ta san ƙ ba, ba ta san ɗ ba, ba ta san ɓ ba. Sai in buga k da d da b tsiraru, in na gama in ɗauki biro in bi layi-layi ina sa musu ƙugiya. Aiki ne mai cin rai, amma shi ne rabin sana'ar.

Wata ranar kasuwa wani dattijo daga Maruta ya zo. Ƙaninsa Ado yana gadi a Fatakwal, matar Ado kuma ta haihu, namiji. Mota tana shirin tashi, direban da zai kai wasiƙar yana ta danna oda, dattijon yana tsaye a kaina yana cewa, "Yi sauri Malam, yi sauri." Na buga, na zare, na ninke, na lashi ambulan. Ban ɗauki biro ba.

Ga abin da na so in ce: Ado, ka samu ƙaruwa a gidanka ranar Talata. Ga abin da ya isa Fatakwal: kalmar nan ba ƙugiya. Kai yanzu babba ne, ka san abin da take nufi in ta rasa ƙugiyarta. Kuma ban tsaya nan ba, don na ƙawata wasiƙar da kyau. Na ce duk unguwa ana ta murna, maza da mata suna ta shigowa gani, liman ma ya zo da kansa ya sa albarka.

Ado bai iya boko ba. Ya kai wa wani ɗan garinsu shaƙiyyi, a gaban majalisar 'yan ci-rani, shi kuwa ya karanta ta yadda ya gan ta, da murya mai ƙarfi, har ya maimaita wurin liman. Da aka yi masa musu ya miƙa takardar hannu-hannu yana cewa, "Ku nuna mini ƙugiyar." Ado bai jira gari ya waye sau biyu ba, ya hau mota.

Ya sauka Maruta ana jajiberin suna, ya tarar da rago a ɗaure da jariri a zani. Ranar kasuwa ta zagayo sai ga shi a gaban teburina, dogo, baƙi, ido ja saboda tafiya. Ya ajiye takardar ya ce, "Kai ne mai injin?"

Na ce, "Ni ne."

Ya ce, "Karanta mini."

Na karanta yadda ya kamata. Ya ce, "A'a, yadda ka rubuta." Na duba, na ga ba ƙugiya ko ɗaya. Ina neman ta inda zan fara ba da haƙuri sai ya fashe da dariya har ya dafa teburin. Ya ce, "Malam, ba don kai ba da ban ga sunan ɗana ba. Maigidana ba zai ba ni hutu don haihuwa ba, amma da na nuna masa wannan, shi ya raka ni tasha." Ya zaro goro ya ba ni. Yaron an sa masa Garba, amma Maruta duka Garba Ƙugiya take kiransa. Ni da Ado kuma muka zama abokai. Ko daga nesa ya hango ni sai ya ɗaga murya, "Malam, ina ƙugiya?" Ni kuma in ce, "Tana aljihu."

Allah ya rufa mini asiri a wannan, amma ba kullum ake sauka a kan ragon suna ba. Don haka ka ji: duk saurin da mai shafi yake yi, kada ka tura rubutu ba ka karanta shi daga farko zuwa ƙarshe ba, da baki, yadda kunnenka zai ji. Kowane zamani yana da direbansa mai danna oda. Shi tafiyarsa zai yi, kai ne sunanka zai zauna a ƙasan takarda. An ce wayoyinku suna da ƙugiya a ciki, danna harafi kawai ake yi a ɗan riƙe. Ni da biro na bi su shekara da shekaru, kai ba ka da uzuri.

Kuskure na gaba, kwaɗayi ne. Sana'ar ta karɓe ni, har na fara ganin aji kamar shi ne aikin gefe. In ranar kasuwa ta faɗo ranar makaranta, sai in cika allo da lissafi, in ce wa 'yan aji su kwafa, in zame ta bayan makaranta. Na yi sau ɗaya ba a yi magana ba, na yi sau biyar ba a yi magana ba, na ɗauka ba a gani.

Rannan ina tsakiyar aiki a Gwaram, layi ya yi tsawo, kaina a sunkuye, na ce, "Na gaba." Aka tsuguna aka yi sallama. Na ɗago, sai ga hedimastanmu Malam Tanko, da hularsa da lemarsa. Ya bi layi kamar kowa.

Ya ce, "Malam, wasiƙa nake so a buga mini. An ce hannunka yana da kyau."

Na ce, "Ranka ya daɗe..."

Ya ce, "Sa takarda. Biyu, da kabon a tsakani."

Na sa. Ya fara faɗa a hankali, yana jira in gama kowace kalma: "Zuwa ga Malam Habu, malamin aji huɗu. Ka yi mini bayani a rubuce dalilin da ya sa yau, da ƙarfe goma na safe, ajinka ba malami." Wani a cikin layi ya toshe baki da hula. Na buga takardar gargaɗina da hannuna, na bi ta da biro na sa mata ƙugiya. Ya karɓa ya duba ya ce, "Madalla, ba kuskure." Ya sa hannu, ya miƙo mini ɗaya, ya riƙe ɗaya, ya biya ni ladan bugu cif, ya buɗe lemarsa ya tafi.

Ban sake barin aji ba har na yi ritaya. Kai ma makaranta aka tura ka, aikin gona za ka koyar. 'Ya'yan mutane ne, ko da ba ka jin yarensu. Rubutu ƙari ne a kan alawus ɗinka, to ka bar shi a matsayin ƙari. Kada ka karɓi aikin da ka san ba za ka gama ba sai ka saci lokacin aji ko na salla. Kuma kafin ka fara wa kowane shafi aiki, ku yi magana a fili: me suke so, yaushe, me za su bayar, sunan wa za a sa. Wanda ya ce sai ka fara ba shi wani abu kafin ya ba ka aiki, ka yi masa sallama. Ni a gindin darbejiya ban taɓa biyan mutum don in buga masa wasiƙa ba.

Yanzu ga wanda ya sa na ɗauki biro yau. Wannan ba na ba da shi a majalisa, Innarka kaɗai ta san shi dalla-dalla.

Shekaru bayan zancen ƙugiya, Ado ya bar gadi ya dawo gida noma, ya sayi shanun huɗa biyu, yana ji da kansa. Gab da faɗuwar damina wani baƙo ya sauka a kasuwar Gwaram da buhunan irin gero. Mai fara'a, mai tsabtar riga, ƙwayar geron kuwa manya-manya gwanin sha'awa. Ya zo teburina ya ce yana son takardar talla da zai liƙa a bishiyoyin kasuwa. Na buga masa: iri mai kyau, mai albarka, ku zo ku gani. Ya karanta ya girgiza kai.

Ya ce, "Malam, kowa haka yake cewa. Ni baƙo ne, wa zai yarda da ni? Kai kuwa an san ka. Ka rubuta kamar kai ka shuka bara ka ga amfaninsa."

Na ce, "Ai ban shuka ba."

Ya ce, "To da ka shuka ai da ka gani. Magana ɗaya ce, gaba da baya ne kawai." Ya ajiye a kan teburin kuɗin da suka sa na daina jin hayaniyar kasuwa.

Na ce wa raina talla ce, kowa ya san talla. Na ce irin ma da ganinsa mai kyau ne. Na buga: Ni Malam Habu Mai Tafireta na shuka wannan iri a gonata, na ga albarkarsa da idona. Na sa kabon na yi ta bugawa har yatsuna suka yi shuɗi. Kuma ka ji abin takaici, ƙugiya ko ɗaya ban manta ba. Takardar ba ta da kuskure ko kaɗan, ƙarya ce kawai.

Mutane da yawa sun sayi mudu ɗaya ko biyu don gwaji. Ado kuwa da aka karanta masa ya ji sunana, bai gwada ba. Babbar gonarsa gaba ɗaya ya shuka. Geron ya fito kore shar, ya yi ta tsawo har ya wuce kan mutum a kan jaki, masu wucewa suna tsayawa kallo. Ashe irin wata ƙasa ne mai doguwar damina. Geron maƙwabta ya fitar da kai, ya nuna, aka girbe, nasa yana nan yana tsawo. Ruwa ya ɗauke bai ba da zangarniya ɗaya ta kirki ba. Baƙon kuwa tun tuni ya yi gaba.

Bayan kaka Ado ya zo kasuwa da damin kara a kafaɗa. Ya shimfiɗe shi a kan teburina, a kan tafiretar. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, na kawo maka naka kason. Ka ce ka shuka ka ga albarka, to ni ga tawa. Taka gonar a ina take, in je in gani?"

Kabiru, babu gonar da zan nuna masa.

Shekarar nan Ado ya sayar da shanunsa, ya koma Fatakwal ci-rani da furfurarsa. Na kai wa iyalinsa hatsi daga rumbuna, an karɓa an yi godiya. Na nemi gafararsa, ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe. Amma daga nan har Allah ya karɓi ransa, in mun haɗu sai ya ce, "Malam, ina wuni." Bai sake tambayata ƙugiya ba. Ban san gaisuwa tana iya yi wa mutum ciwo ba sai a bakin Ado.

To, mu zo kan abokin nan naka. Ka tuna makonni biyu da suka wuce, ina sauraron rediyo a zaure, ka zo ka tsuguna ka ce wani abokinka yana neman shawara. Wai yana rubuta wa shafukan intanet bayanan noma, sai wani shafi ya yi masa tayi mai tsoka: ya rubuta yabon wata hodar adana wake, ya ce shi da kansa ya zuba a wakensa ya ga aikinta, alhali ko ganinta bai taɓa yi ba. Sun ba shi zuwa ƙarshen wata ya ba da amsa. Na ce maka, "Abokinka ya san ta kansa," na ƙara muryar rediyo. Na lura abokin naka yana da irin tarin da kake yi in za ka faɗi abin da ba haka ba, amma ban kawo komai a raina ba, don a lokacin ban yarda sana'ar ma tana nan ba.

Sai makon jiya. Na je Gwaram, ina tsaye a rumfar masu buhu, wani magidanci ya kama hannuna da hannu biyu, ya gaishe ni har ƙasa. Ya ce, "Baba, ashe an gaji sana'a?" Na ce wace sana'a? Ya zaro waya ya yi ta shafa ta da yatsa, ya miƙo mini. Na sa tabarau. Bayani ne da Hausa, yadda ake adana wake ba tare da magani ba: a shanya shi ya bushe ƙarau, a zuba a buhu mai leda biyu a ciki, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora a kan katako kada ya taɓa ƙasa, kada a buɗe sai za a ci ko za a sayar. A ƙasa an rubuta Kabiru Habu, Birnin Kudu.

Ya ce, "Ai biyansu ake yi, Baba. Shafin ne ke biya. Mu kuma mu karanta kyauta."

Ban ce aljanu ne ba wannan karon.

Ya ce, "Waken da na noma bana, gaba ɗaya haka na ɗaure shi. Mai ɗakina ta ce in raba biyu, rabi in zuba hoda kamar yadda muka saba. Na ce a'a, yaron ya ce shi da kansa ya yi a gidansu, ya buɗe bayan wata shida bai ga ƙwaro ko ɗaya ba."

Na ji ƙamshin karan Ado a hancina. Sai na tuna bara, da kake ta fama da buhuna a ɗakin ajiya kana danne su da gwiwa, ina wucewa ina cewa wake ba ya numfashi balle a shaƙe shi. Na tuna kuma da waken muka yi ƙosai da azumi, ba huji ko ɗaya. Na ce wa mutumin, "Gaskiya ya faɗa. A gidana aka yi, na ci." Kabiru, ban san rabon da in faɗi magana da daɗin baki irin wannan ba.

Ka ga amsar da ban ba abokinka ba. Shi yana ganin waya ce kawai a hannunsa, da wani edita da bai san fuskarsa ba. Amma a ɗaya ƙarshen akwai mutum a Maruta da ya ɗaure abincin shekararsa a kan maganarsa. Gobe in ya ga sunan nan a ƙarƙashin yabon hoda, zai saya ya zuba, 'ya'yansa su ci. Hodar tana iya zama mai kyau, ban sani ba, kai ma ba ka sani ba, kuma wannan shi ne zancen. In suna son talla, ka rubuta musu talla a kira ta talla, ka faɗi abin da masu ita suka ce, ka ce su suka ce. In suna son "na gwada," su aiko ka gwada, ka rubuta abin da ka gani ko ya yi musu daɗi ko bai yi ba. In sun ƙi, ka bar su. Na san alawus ba zai ishe ka ba, na san garin baƙo ne, komai sai an saya. Za ka ji zafin abin da ka bari na wata ɗaya ko biyu. Ni abin da na karɓa ko damina bai kai ba ya ƙare, amma "ina wuni" ta bi ni shekara ashirin.

Ka rubuta abin da ka sani, kana da shi da yawa. Ka san ƙasar Wurno, ka san lokacin da riɗi ke son rana, ka san abin da tsofaffi ke yi wa rumbu kafin a zuba hatsi. Can ma ka buɗe ido ka ga yadda suke noman rogo da doya, ka tambaya, ka rubuto mana. Kuma ka riƙa turo mini ta wayar Innarka. Ta yi alkawarin za ta riƙe mini ita in karanta, da sharaɗin ba zan taɓa gilashin da hannun goro ba.

Sauran ka sani. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka gaida manya da yarensu ko da za su yi maka dariya, ka ci abinci kafin ka yi rubutu. Innarka tana gaishe ka, ta ce man shanun yana cikin gwangwanin madara, kada ka ba kowa aron bargonka. Ni kuma na yafe maka ɓoyewar da ka yi, kai ma ka yafe mini dariyar. Allah ya yi maka albarka, ya tsare gabanka da bayanka, ya sa hannunka ya zama sanadin alheri ga wanda ka sani da wanda ba ka sani ba. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Malam Habu Mai Tafireta.

Af, na yi maka alkawarin suna. Kafin mu rabu a rumfar buhu na tambayi mutumin, "Ka san ɗan wane ne ka ɗaure wakenka a kan maganarsa?"

Ya ce, "Na sani sarai, Baba. Shi ya sa na karanta sau uku kafin na yarda." Ya yi dariya har ya dafa buhu, irin dariyar da na daɗe ban ji ba. Ya ce, "Na bi shi layi-layi. Ka gaya masa ko ɗaya bai manta ba."

Garba Ƙugiya ne, ɗan marigayi Ado.